Aske Tof Ko Gyaran Bawul: Wanne Zai Dawo Wa Mashin Ɗin Kaya Da Ƙarfinsa?

Salamu alaikum. Wani ɗan'uwa a cikinmu daga wajen Gumel ya kawo tambaya. Mashin ɗinsa ɗan China ne mai inji irin na CG 125, shekara uku yana kai buhunan riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Yanzu ya fara kasawa a yashi, inda a da yake wucewa da giya biyu sai ya sauko ɗaya. Wani bakanike ya ce a kai tof, wato kan injin da ke rufe saman silinda, wurin masu tona (masu injin yankan ƙarfe) a aske shi don matsi ya ƙaru. Wani kuma ya ce a bar fuskar tof yadda take, a gyara bawul, wato ƙofofin shiga da fitar iska a cikin tof, da hanyoyin iska. Shi ne yake tambayar wanne zai bi.

Malam, ni dai na ga duka biyun, na kuma yi duka biyun da hannuna. Ga mashin irin naka, mai ɗaukar kaya a ƙasa mai zafi da yashi, gyaran bawul ne a gaba, askin tof kuwa sai da dalili. Bari in faɗi abin da ya sa.

Mu fara da askin. Idan fistin ya sauka ƙasa yana zuƙo iska da mai, idan ya hau sai ya matse su cikin ɗan ƙoƙon da ke cikin tof, sannan fulogi ya ba da wuta. Abin da ake kira matsi shi ne yawan ninkin da aka takura wannan cakuɗen. Injin CG 125 yana da cc 124, matsinsa kuma wajen 9 bisa 1 ne. Wato filin da ke saura a sama idan fistin ya kai ƙololuwa bai wuce cc 15 da rabi ba, kamar cikin babban cokali ɗaya. Faɗin silindarsa milimita 56.5 ne, saboda haka duk rabin milimita da aka aske daga fuskar tof yana iya cinye wajen cc ɗaya da kwata. Lissafa da kanka: aski na rabin milimita yana kai matsin kusan 9.7, na milimita ɗaya kuma kusan 10.5. Ka ga abin da ido ba ya ma gani sosai, amma ya canza halin inji gaba ɗaya.

To me za ka samu? Ɗaga matsi daga 9 zuwa 10 yana ƙara ƙarfi da wajen kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. A injin da ƙarfinsa bai wuce doki 11 ba, wannan bai kai rabin doki ba. Gaskiya ne ƙarin yana zuwa tun daga ƙasa, mashin ya ɗan ƙara zafin nama idan an murɗa, har ya ɗan rage shan mai. Ban musanta ba. Amma wanda ya ɗora buhu biyu ya shiga yashin da ke tsakanin ƙauyukan Gumel da Maigatari, da wuya ya ji wannan bambancin a jikinsa.

Abin da zai ji shi ne zafi. Injinan nan iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. A watan Afrilu da Mayu zafin wajenmu yana haura digiri 40, ga kaya, ga tafiyar hawainiya a yashi wadda iska ba ta bugun injin sosai. Idan matsi ya yi yawa ga irin man da ke cikin tanki, ragowar cakuɗen da ke gefen ƙoƙo yana fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Shi ne ƙarar nan da za ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka murɗa a babbar giya. Wannan ƙarar duka ce, guduma ce a kan fistin. Tana karya gadar da ke tsakanin ringi, tana ƙone gasket, idan ta daɗe ta haƙa rami a saman fistin. Mashinan tsere da ake gani da matsi 12 ko 13 suna shan mai ne mai oktan mai yawa, wato mai jure matsi, galibinsu kuma da ruwa ake sanyaya su. Mu kuwa sau nawa muke tsayawa wurin 'yan bumburutu mu zuba na kwalba, wanda ba mu san daga ina ya fito ba, ko an sirka shi da wani abu?

Na taɓa aske wa nawa milimita ɗaya cur, a lokacin sanyi. Wata biyu ina jin daɗinsa, ina cewa na gano sirri. Da bazara ta shigo, wata Juma'a ina dawowa daga kasuwar Wudil da goyo, ƙarar nan ta fara, na ƙi saurara. Kafin in iso gida hayaƙi ya turnuƙe, ƙarfi ya tafi. Da na kwance na tarar da rami a fistin, silinda ta yi zane. Fistin, ringi, bori, da sabon tof, duk na saya, domin wanda aka aske ba ya komawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don a lokacin da wannan mashin nake ciyar da gida.

Akwai kuma abin da masu ba da shawarar aski ba su cika faɗa ba. Tof idan ya sauko, bawul ya matso kusa da fistin. Dole a shafa ɗan yumɓu ko cingam a kan fistin, a ɗaura tof, a juya injin da hannu, a buɗe a auna kaurin inda bawul ya danna. Ni ba na yarda da ƙasa da milimita ɗaya da rabi. A inji irin naka mai sandunan tura bawul, sai an sake saitin bawul. A masu sarƙar taimin kamar Boxer kuwa abin ya fi haka: kam, wato sandar da ke buɗe bawul, ya matso ƙasa, sarƙa ta yi sako-sako, taimin ya ɗan ja baya, sai ka rasa a ƙasa wani ɓangare na abin da ka je nema.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Ka lura da maganarka da kyau: ka ce a da mashin yana wucewa da giya biyu. Ashe ƙarfin yana nan tun asali, zubewa ya yi. Injin da ya shekara uku yana shaƙar ƙurar hunturu, bakin bawul ɗinsa ya ci, mazauninsa ya yi ƙuraje, ringi ya saki. Matsin da kamfani ya ba shi yana tsiyayewa ta waɗannan ƙofofin. Aske tof a kan irin wannan injin kamar ƙara wa tulu mai tsaga ruwa ne. Gyaran bawul yana iya dawo da abin da ya ninka ribar aski sau da yawa, kuma bai ƙara wa injin zafin da ba a ƙera shi da shi ba.

Gane inda yake zuba ba wuya. A samu agogon auna matsi, a cire fulogi, a buɗe totur duka, a buga kik sau biyar ko shida. Lafiyayyen inji irin wannan yakan nuna wajen 150 zuwa sama a ma'aunin psi. Idan ya yi ƙasa sosai, a zuba ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi a sake bugawa. Ya tashi, ringi ne ko silinda. Bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Idan an sauke tof, a kifa shi da bawul a rufe, a cika ƙoƙon da kananzir, a zuba ido ta hanyar shiga da ta fita. Duk inda ya jiƙe, nan ɓarawon yake.

Aikin bawul mai kyau ya wuce a shafa garin niƙa a murza da sanda. Niƙa yana maganin ƙananan ƙuraje ne kawai, idan aka matsa masa sai ya faɗaɗa mazaunin har bawul ya nutse. Mazaunin da ya lalace sai an yanka shi da kusurwa uku, digiri 30, 45 da 60, yadda layin da bawul ke zama a kai zai tsaya wajen milimita ɗaya ko ɗan sama da haka. Wannan yankan kaɗai yana gyara shigar iska, domin a daidai bakin bawul ne iska ta fi shan wahala. A kuma girgiza bawul a cikin bututunsa. Idan yana rawa, a canza bututun, in ba haka ba duk aikin banza ne cikin 'yan watanni. Bayan an haɗa, tazarar bawul a CG milimita 0.08 ce da injin a sanyaye, kuma da fila, siririn ƙarfen auna tazara, ake aunawa, ba da kunne ba.

Batun hanyoyin iska kuwa, nan ma akwai tarko, kuma ina roƙonka ka tsaya a kan bakaniken yana aikin. Tof ɗin China yakan zo da tsinin zubi da ƙullutai a cikin hanyar, wani lokaci bakin kafireta da bakin tof ba su haɗu daidai ba, akwai ɗan mataki a tsakani. Share waɗannan alheri ne. Amma faɗaɗa ramin ɓarna ce ga mai kaya. Iska a ƙunƙuntar hanya ta fi gudu, gudun nan ne ke cika silinda lokacin da injin ke juyawa a hankali, wato daidai lokacin da kake cikin yashi. Wanda ya ƙwaƙule hanya ta zama kogo zai samu mashin mai ihu a kan kwalta, mai mutuwa a ƙarƙashin buhu. Hanyar shiga a bar ta da ɗan kaushi don mai ya ci gaba da gauraya da iska, kada ya kwanta a bango. Ta fita ce ake gogewa sumul don kada baƙin toka ya kama.

Idan ka jera su: aski yana ba ka ɗan abu sabo, ya ɗora maka sharaɗin mai mai kyau har ƙarshen rayuwar injin, kuma ba a janye shi. Gyaran bawul ba ya ba ka abin da mashin bai zo da shi ba, amma yana dawo da naka, da kowane irin mai, kuma duk shekara biyu ana iya maimaitawa. Kamfanin Honda ma da ya fito da CG 125 a tsakiyar shekarun 1970, ya ƙera shi ne musamman don ƙasashen da ake lodi fiye da ƙima ana jinkirin juyen baƙin mai. Da gangan aka bar matsinsa a inda yake.

Akwai lokacin da fuskar tof ke buƙatar taɓawa, idan injin ya taɓa yin zafi har ta lanƙwashe tana cin gasket. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kai a zura fila. Idan tazarar ta wuce milimita 0.05, a daidaita ta. Sau da yawa takardar yashi a kan gilashi mai kauri ta isa, ana zagayawa a hankali. Idan sai an kai tona, a ce su ɗauki iya abin da zai miƙar da ita, 0.1 ko 0.2, kada a ce su ƙara don neman ƙarfi.

Ga wata hanya da ba ka tambaya ba, amma ita ce ta fi dacewa da buhunan riɗi: sifaket ɗin baya. Idan naka mai haƙora 38 ne ka sa mai 41, ƙarfin ja a taya ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari a kowace giya, ninki biyu na abin da aski zai ba ka, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya a inji ba. Za ka rasa kwatankwacin haka a gudun ƙarshe, ya kuma ɗan ƙara shan mai a doguwar kwalta. In ba ka so, ka mayar da tsohon.

Saboda haka kafin Alhamis mai zuwa, ka wanke soson iyakilina, wato matatar iska, ka duba launin fulogi, ruwan ƙasa ne lafiya, fari fat yana nuna mai ya yi kaɗan injin na ƙuna. Sannan a auna matsin a bushe, a sake aunawa da baƙin mai, ka turo mana lambobin biyu. Daga nan za mu san ko bawul kaɗai za a taɓa ko har da ringi. Allah Ya ba da kasuwa.