Ƙwallo, dambe, kokawa ko tebur: wane wasa za ka sa ɗanka?

Kafin ka biya kuɗin rajista ko ka sayo takalmin ƙwallo, fara tambayar kanka: a wannan wasan, sau nawa kan yaro zai bugu? Ni ban yi wannan tambayar ba sai da ta same ni. Babban ɗana, yana shekara 12, ya yi karo da wani yaro suna neman ƙwallon sama a wani fili a unguwar Mabera da ke Sakkwato, da bazara, ƙasa ta bushe kamar daɓe. Bai suma ba. Koci ya tsiyaya masa ruwan leda a ka, ya ce, “Tashi, kai namiji ne,” ya mayar da shi fili. Bayan isha'i sai amai. Ya ce hasken ƙwan lantarki na sukar idonsa, yana ta tambayata, “Baba, mun ci wasan?” har sau huɗu. Likita ya ce girgizar ƙwaƙwalwa ce, wato ta jijjiga a cikin ƙoƙon kai, kuma yawancin waɗanda take samu ba sa suma.

Dambe dai ban ga abin tattaunawa ba. Wasan da burinsa a kai abokin karo ƙasa da naushi ba na ƙaramin yaro ba ne, duk da ina son kallonsa. Kokawa da sauƙi in a kan yashi mai laushi ake yi. Sukuwa kuwa faɗuwa ɗaya daga kan doki ta isa.

Ƙwallon ƙafa sai da sharaɗi. Tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai, Ingila ma ta hana 'yan firamare yin haka a atisaye tun 2020. Je ka tsaya bakin fili da kanka, ka ga yadda koci ke yi idan yaro ya faɗi riƙe da kai. In ya mayar da shi wasa a ranar, ɗauke ɗanka, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari.

Ni ƙwallon tebur na zaɓa, kuma ban yi nadama ba. Ƙwallon bai kai giram 3 ba, tebur ya raba 'yan wasa, babu karo. A inuwa ake bugawa, wanda duk ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu ya san darajar wannan. Yaron yana haɗa gumi, idonsa ya yi kaifi, ƙanwarsa ma ta shiga. Kafinta ya haɗa mana tebur a zaure, yanzu yaran unguwa layi suke yi bayan la'asar.

Sai maganar 'yan damfara. Bayan abin da ya faru, wani mai shago ya sayar mini da wani ɗaurin kai na soso, ya rantse yana hana girgizar ƙwaƙwalwa. Ƙarya ce. Babu hula ko ɗauri da ke hana ƙwaƙwalwa motsi a ciki. Hular kwano mai kyau fashewar kai da rauni mai tsanani take ragewa. Ko a gasar Olamfik ta 2016 maza sun yi dambe ba hula. Hular keke ma jabu ta cika gari: leƙa ciki, in ba ka ga soso mai tauri da kauri ba, roba ce kawai, kamar ƙwarya za ta tsage. Nemi lambar inganci ta EN 1078 (ta Turai) ko CPSC (ta Amurka), ka kuma ja maɗaurin haɓa da ƙarfi, domin har takardar lambar suna bugawa. Ta gwanjo kuwa bar ta, ba ka san faɗuwar da ta sha ba.

In yaro ya bugu ya fara amai a kai a kai, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa ya yi wuya, ko ciwon kai na ƙaruwa, kada ka tsaya kemis. Wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a daren.