T-HR3 ko ASIMO: wanne ya fi amfani?

ASIMO, mutum-mutumin da kamfanin Honda ya fito da shi a 2000, kafin a yi masa ritaya a 2022 yana tafiya, yana hawa bene, amma galibi abin da aka riga aka tsara masa yake bi.

T-HR3 na Toyota, wanda ya bayyana a 2017, kwaikwayo yake yi. Mai sarrafa shi ya sanya na'ura a hannuwansa da idanunsa. Ya ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. In ya dafa abu, mutumin zai ji nauyin dafawar a jikinsa. A 2018 an sarrafa shi ta 5G daga nisan kilomita kusan 10.

Ni T-HR3 na zaɓa. Wajen ɗaga tsoho daga gado, na fi yarda da hankalin ɗan'adam, muddin layin sadarwa bai yanke ba.