Tsakanin MikroTik da rauta marar suna: wadda za ka saka a shago

Alhaji, a cikin na'urorin rarraba intanet (rauta) biyun da ka ce an nuna maka, wato hAP ta kamfanin MikroTik da waccan rauta mai araha wadda babu sunan kamfani sananne a jikinta, ka ɗauki ta MikroTik. Dalilina shi ne manhajar da ke cikin na'urar, domin ita ce mai gadin duk abin da ke ratsawa daga kwamfutocinka da na'urar POS zuwa intanet, kuma idan babu mai sabunta ta, duk ɓarakar da aka gano a cikinta za ta zauna a buɗe har ranar da na'urar ta mutu.

Irin ta MikroTik ce a ofishinmu, kuma ta tsufa har fatarta ta yi jaja-jaja saboda ƙura da zafi, amma har yanzu idan na shiga Winbox, wato manhajar kwamfuta da ake saita na'urorin MikroTik da ita, na nemi sabuntawa, sai in tarar da sabon zubin RouterOS, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, yana jirana, in latsa, ta mutu ta tashi cikin 'yan mintoci, aiki ya ci gaba. Kamfanin, wanda ke ƙasar Latbiya, ya yi alkawarin sabuntawa kyauta na aƙalla shekara 5 daga ranar saye. Abin da mutane ke mantawa shi ne aikin hawa biyu ne: bayan an sabunta RouterOS, sai a koma sashen RouterBOARD a sabunta manhajar da ke tayar da na'urar, sannan a sake kunna ta. Kada kuma a fara sai na'urar tana kan inbata, saboda ɗauke wuta a tsakiyar aikin na iya sa ta ƙi tashi.

Ba ina nufin MikroTik ba ta da aibi ba ne. A watan Afrilun 2018 an gano ɓaraka a Winbox wadda ke ba masu kutse damar kwashe kalmomin sirri, kamfanin kuma ya fitar da gyara a cikin watan. Duk da haka, zuwa Agusta an samu na'urori wajen 200,000, akasarinsu a Brazil, da aka dasa wa manhajar haƙar kuɗin kirifto, saboda masu su ba su sauke gyaran ba. A 2021 ma, da aka yi hare-haren Meris, inda aka haɗa ɗimbin na'urorin da aka yi wa kutse aka cunkushe shafukan intanet da su, kamfanin ya ce na'urorin da aka yi amfani da su waɗanda aka shiga tun 2018 ne, domin ko wanda ya sabunta, idan bai canza kalmar sirri ba, ɓarawon yana riƙe da mabuɗinsa.

Ita kuwa mai arahar, na taɓa riƙe irinta. Tana ba da intanet, iyakar yabon da zan yi mata ke nan, domin ko shafin da za a sauke sabuntawarta ban samu ba.

Sai ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa da ke goge tsohuwar na'ura su mayar da ita kwali su ce sabuwa ce, da kuma masu haɗawa da ke saka kalmar sirri su tafi da ita don dole ka sake kiransu. Ka sa a buɗe kwalin a gabanka, lambar jikin na'ura ta dace da ta kwali, a mayar da ita saitin masana'anta, a sabunta ta, sannan kai da hannunka ka saka kalmar sirrin. Saitinta yana da wuya ga wanda bai saba ba, don haka ka biya ƙwararre ya yi na farko, ya kuma rufe hanyar shiga Winbox daga waje, sannan ka ɗora wa mutum ɗaya a shagon duba sabuntawa kowane wata.