Fili, kango ko ginannen gida: wanne za ka saya da hunturun nan a Kano?

Da zarar kaka ta wuce iska ta fara busawa, wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, kasuwar filaye da gidaje a Kano sai ta motsa. Manoma sun sayar da amfanin gona kuɗi ya shigo hannu, magina sun koma aiki tunda ba ruwan sama, dillalai kuwa wayarsu ba ta hutawa. Matsalar ita ce da hunturu ko'ina a bushe yake, alhali ruwa ne ya fi kashe gida a garin nan, kuma yanzu ba za ka gan shi ba.

In fili ne, awon igiya ya fi araha, irin na bakin gari wajen Janguza ko Gunduwawa, amma takardarsa yawanci ta mai unguwa ce da shaidu, in hanya ta biyo ta kai wata rana ko KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta ce ba a kan tsari yake ba kai za ka kwana a ciki. Awon gwamnati da tsada, sai dai kana iya zuwa KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar, a duba maka fayil kafin ka ba da ko sisi. Kowanne ne dai ka lura da ƙasar, in baƙa ce mai tsattsagewa ko ka ga ragowar karan shinkafa to fadama ce malam, ko da dillali ya rantse. Maƙwabta za ka tambaya ina ruwa ke kaiwa a watan Agusta.

Ginannen gida shi ya fi ban tsoro a wannan lokacin gaskiya. Sabon fenti a Disamba ba kullum kwalliya ba ne, wani shatin ruwa aka rufe da shi. Ka duba gindin bango ko gishiri na cin filasta, ka ɗaga kai ka ga silin ko akwai tabon yoyo, ka fita waje ka ga kwata da tsakar gidan wanne ya fi wani tudu. Rijiya ma kar ta ruɗe ka, yanzu ruwan damina ne bai gama ja ba, sai Afrilu ake sanin ta kirki.

Ni dai da hunturu kango na fi so. Ba filasta ba fenti, bulo da linta duk ga su a fili, ka sa makulli ka karci bulon, in yana zubowa kamar gari ka san an yi rowar siminti ko ya sha damina da yawa ba rufi. Kuma in ka saya yanzu kana da watanni ka ɗora kwano kafin ruwa ya sauka a Mayu ko Yuni. Illarsa dai siminti da leburori kowa nema yake a rani, sannan filastar da aka yi cikin iskar nan tsagewa take in ba a ba ta ruwa safe da yamma ba.

Wanda ba sauri yake ba kuma ginanne yake so, ya ga gidan yanzu ya ji farashi, ya koma ranar da aka kwana ana ruwa a Agusta. Lokacin masu saye sun ragu, ciniki ya fi faɗawa. La'ada kuma a yanke ta tun kafin a yi sallama, a san wa zai biya.