Kwata a Buɗe ko Mai Murfin Silab?

Masu shaguna da masana'antu a Sharaɗa da Bompai a Kano sun sha tambayata wace kwata ta fi. Buɗaɗɗiya ta fi araha, yashe ta kuma ba wuya: leburori da shebur da baro, an gama kafin damina. Amma kowa ya wuce sai ya jefa ledar fiya-wata, ga sauro, ga faɗawa ciki da dare.

Mai silab, wato murfin kankare, akwai tsada, sai dai tirela na hawa lafiya in rodi ya ji. Aibinta ɓoye toshewa. Sai ruwan Agusta ya malalo cikin sito ake farga, musamman in ba a bar murafen ɗagawa ba.

Mai shagon da zai riƙa leƙawa, buɗaɗɗiya ta ishe shi. Harabar da manyan motoci ke shiga, silab ya fi dacewa.