Dattijon da ya kashe min kukan birkin keke a Birnin Kebbi

Jama'a wanda duk keken shi mai birkin faifai ya dame shi da ƙara ya tsaya ya karanta wanga, don ni wata uku na yi ina fama kafin Allah ya haɗa ni da mai gyaran da ya san abin da yake yi.

Keken nawa irin na hawan dutse ne, ɗan gwanjo, birkin shi na kamfanin Shimano ne mai aiki da mai ba mai waya ba, faɗin faifan gaba milimita 180 na baya 160. Da shi nake zuwa aiki, ranar Asabar kuma in bi hanyar Kalgo ko in gangara fadama wajen masu shinkafa. Lafiya lau muke har hunturun bara ya shigo, sai na baya ya fara wani irin kuka kamar ana yanka akuya, in na taka shi cikin layi yara har juyowa suke, na gaba kuma ba kuka kaɗai ba, in ina gangara na matse shi sai kan keken ya ɗauki karkarwa har cikin kafaɗuna. Wata safiya ina saukowa fadama wata tsohuwa da ƙwaryar nono a kai ta ratso hanya, na damƙe birki, keken na ta rawa bai tsaya inda nike so ba, da ƙafa na ƙarasa tsayar da shi. Ranar hankalina ya tashi ƙwarai, don abin ya wuce maganar kunya ya koma maganar ran mutum.

Wurin da na fara kaiwa ba zan faɗi ko ina ne ba. Yaron shagon ya wanke faifan da fetur, ya ɗauko baƙin mai ya zuba ma cen har yana ɗiga, ya ce in je ya yi. Kwana biyu shiru, rana ta uku kukan ya dawo ya ninka na da kuma birkin baya ya daina kamawa sosai. Da na koma sai ya ce wai mai ne ya ƙare, bari ya ƙara man birkin mota. Allah ya sa ban yarda ba.

Wani abokina da muke hawa tare shi ya kai ni wajen wanga dattijo, can bayan babbar kasuwa, rumfa ce ta kwano da benci ɗaya da kekuna jingine ko'ina. Na gaishe shi na ce Baba birki ne ke kuka. Bai taɓa sifana ba sai da ya tambaye ni yaushe ya fara, wane mai nike sa ma cen, da mi nike wanke keken, ko ya taɓa faɗuwa. Sannan ya riƙe birkin gaba, ya ɗora yatsa daidai inda wuyan keken ya shiga firam, ya riƙa tura shi gaba da baya. Ya ce ɗana kawo hannunka nan. Na sa, sai na ji wani ƙwas ƙwas ƙarƙashin yatsana. Ashe boris ɗin wuya ne ya saki, shi ne rabin karkarwar da nike ta zagin birki a kai. Ya sassauta notika biyu na gefe, ya ɗan ɗaure na sama, ya mayar, cikin minti biyar wasan ya ɓace.

Daga nan ya kife keken ya juya tayar gaba, ya shimfiɗa farar takarda ƙasa yana leƙen tsakanin faifan da fad, wato abin da ke damƙe faifan in ka matse birki. Ni ma na leƙa, faifan na zuwa wani wuri sai ya goga gefe guda, shas, shas, duk zagaye. Ya sa alama da alli, ya goge bakin sifana mai daidaitawa tas da tsumma, ya kama wurin ya lanƙwasa kaɗan kaɗan, ya juya, ya sake, wajen sau shida ba gaggawa. Notikan faifan guda shida ma ya bi su, biyu sun saki, kuma ya ce ba a ɗaure su a jere sai dai a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantar shi ta ɗaya ɓangaren, don faifan ya zauna daidai. Makullin su ma daban ne, mai bakin tauraro T25, kuma yana da shi, abin da ya burge ni ke nan don da yawa alanki suke cusawa su cinye kan notin.

Inda aikin ya fi daɗewa wajen fad ne. Da ya ciro na baya ya miƙo min, baƙi ƙirin yana ƙyalli, na shafa yatsa sai maiƙo. Ya ce wanga ya sha mai, kuma fad kamar soso yake, in mai ya shige shi ko ka goge sama na ciki zai sake fitowa da zarar ya yi zafi, kar ka ɓata kuɗinka, a sake shi. Baƙin man nan da anka zuba ma cen shi ya fantsama kan faifan. Na gaba kuwa bai sha mai ba, fuskarshi ce ta yi santsi kamar gilashi saboda zafi da ƙura, sai ya ɗora samfefa kan benci ya goga shi har ƙyallin ya tafi. Faifan biyu ya aiki yaro kemis ya sawo sifirit ya wanke su da sabon tsumma, ya kuma hana ni taɓawa da hannu. Ya nuna min 1.5 da anka rubuta jikin faifan, ya ce kaurin shi in ya ragu zuwa milimita 1.5 ɗin nan ya gama aiki, sabo 1.8 yake zuwa, nawa da sauran shi. Maganar man mota kuma da na ba shi labari girgiza kai ya yi, ya ce Shimano man shi daban, in ka zuba na mota robobin ciki za su kumbura birkin ya lalace gaba ɗaya.

Ƙarshe ya sassauta notika biyu da ke riƙe da gidan birkin, ya ce in matse hannun birki in riƙe, ya ɗaure su a hankali ina riƙe. Na ɗauka mun gama, sai ya ce a'a, hau ka je layin can, ka yi gudu ka matse da ƙarfi har ka kusa tsayawa amma kar ka tsaya cak, ka saki, ka sake, kamar sau 20 kowane birki. Wai hakan ke sa fad ya shafa ma faifan jikinshi daidai ko'ina. Wajen na goma na fara jin yana kamawa da kyau, kuma shiru.

Yanzu abin da bai yi min daɗi ba. Mutumen ba shi da sauri ko kaɗan, na zo ƙarfe goma ban bar wurin ba sai bayan La'asar, kuma in kana cikin layi mai facin taya ya zo sai ya tsaya ya sallame shi tukun. Waya ba ya ɗauka. Fad ɗin Shimano na asali ba shi da shi, wani ya sa min wanda ba suna, ya kuma gaya min gaskiya cewa ba zai kai na asali daɗewa ba, in ina so in sa a kawo min daga Kano ko Legas ya ɗaura min. Kuɗi N4,500 na biya har da fad da sifirit, ni dai ban ga tsada ba.

Wata biyar ke nan, har Argungu mun je mun dawo ba karkarwa. Ranar da ruwa ya kama ni hanya ya ɗan yi kuka sau biyu uku ya daina da faifan ya bushe, kuma dama Baba ya ce za a yi haka. Cen yanzu ɗigo ɗigo nike sa mata mai in goge saura da tsumma. Sati mai zuwa zan kai mashi keken ƙanena, nashi mai waya ne kuma fad ɗin ciki ya yi nisa da faifai, amma da sassafe zan tafi.