Manyan kamfanonin injiniya na haɗiye juna: abin da mai ba da aiki ke samu a Kanada da Ingila

'Yan'uwa injiniyoyi da masu zanen gine-gine da ke gida, ina gaishe ku. Ga yadda ake sayen aikin zane da sa ido a nan waje, yanzu da manyan kamfanoni suka cinye matsakaita.

Kamfanonin Kanada sun yi fice a wannan saye-saye. Genivar na Montreal ya sayi WSP na Ingila a 2012, ya ɗauki sunansa, ya ƙara da Parsons Brinckerhoff a 2014 da Golder a 2021. SNC-Lavalin ya sayi Atkins a 2017 kan kusan fam biliyan 2.1, a 2023 ya koma AtkinsRéalis. Stantec na Edmonton ya ɗauki MWH a 2016 saboda ƙwararrunsa na aikin ruwa. A Amurka AECOM ya haɗiye URS a 2014, Jacobs kuma CH2M a 2017. Kamfanin injiniya ba shi da masana'anta, hajarsa awoyin ma'aikata ce. Kafin a raini matashi ya kai ga sa hannu a zane sai an ci shekaru, amma sayen kamfani na kawo ƙwararru da abokan cinikinsu rana ɗaya.

Ribar mai ba da aiki a fili take. Kwangila ɗaya ta ɗauke gwajin ƙasa, lissafin ƙarfin gini, wuta, famfo da binciken muhalli, kuma inshorar babban kamfani na iya ɗaukar gada ko filin jirgi. Da yawa suna da ofisoshin zane a Indiya ko Filifin, aiki na tafiya ko da dare ya yi a nan. Ga aikin da bai wuce makaranta ko asibitin hawa uku ba, ni dai ƙaramin kamfani nake zaɓa, domin wanda ya zo neman aikin shi zai zauna ya yi shi. Akwai kuma manya irin Arup da Mott MacDonald, waɗanda ba a cinikin hannun jarinsu a kasuwa.

Matsala takan ɓullo bayan ciniki. Akan ɗaure shugabannin kamfanin da aka saya da sharaɗin zama na shekara biyu ko uku kafin su karɓi ragowar kuɗinsu. Wa'adi na cika wasu su tafi, su ja mutanensu. Mai aiki ya biya don Injiniya wane, sai ya tarar da baƙon da bai san dalilin zurfin harsashin ba. Manhaja ma na kawo cikas: wani ofishi na zane da Revit, wani da kayan Bentley, wajen haɗa samfurin ginin da aka zana a kwamfuta sai lambobin sassa su rikice, bututu ya ratsa ginshiƙi ba a gani ba sai a wurin gini. Wanda ya fi damuna shi ne a wayi gari mai zane da mai duba zanen sun koma gida ɗaya.

Saboda haka masu ba da aiki da suka san kan abin suna rubuta sunayen jagoran aiki da manyan injiniyoyi cikin kwangila, ba a canza kowa sai da amincewarsu a rubuce, sabon ya zauna da tsohon na wasu makonni a kuɗin kamfani. Suna sa sharaɗin cewa idan an sayar da kamfanin dole a sanar da su, kuma suna da damar janyewa. Suna karɓar fayilolin samfurin da takardun lissafi a ƙarshen kowane mataki, kafin su biya.

A kula da inshora sosai. Ta kuskuren sana'a tana biya ne idan tana raye ranar da aka kawo ƙorafi, ba ranar da aka yi zanen ba. A Ingila alhakin kwangila ta yau da kullum shekara 6 ne, wadda aka ƙulla a matsayin takardar alkawari ta musamman kuma 12. Idan kadarori da ma'aikata kawai wanda ya sayi kamfanin ya ɗauka, tsohon alhaki na iya zama a wuyan kamfanin da ya rage suna kawai. A nemi takardar shaidar inshora duk shekara har wa'adin ya ƙare, a duba ko sunan da ke kanta ya dace da wanda ya sa hannu a kwangilar.